Waiwaye: Ma'aunin "zan iya" da aka ɗinka wa 'yan jami'a ake sa wa 'yan sakandare

A 1977 Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya fito da wani ra'ayi: abin da mutum ya yarda zai iya, shi ke sa ya tunkari aiki ko ya kauce masa, shi ke kuma nuna iyakar juriyarsa idan tafiya ta yi tsauri. Da masu tsoron maciji ya yi gwaje-gwajensa na farko, zancen sana'a bai taso ba tukuna.

Nancy Betz da Gail Hackett ne suka shigo da shi fagen zaɓen sana'a a 1981. Sun jera wa ɗaliban jami'a sana'o'i 20, goma da aka san mata da su, goma da aka san maza da su. Mazan suka ce za su iya ko wanne ɓangare, matan kuwa suka ja da baya a sana'o'in maza, alhali makinsu na jarrabawa bai gaza na mazan ba.

Bayan shekara biyu Karen Taylor da Betz suka tsara ma'aunin da har yau ake yawo da shi: tambayoyi 50 da mutum zai amsa da lambar da ke nuna yadda ya yarda zai iya yanke hukunci kan sana'a, a kashi biyar da suka aro daga John Crites, masanin zaɓen sana'a, wato sanin kai, tattara bayani kan sana'o'i, tsai da buri, tsara hanya da warware matsala. A 1996 aka rage su zuwa 25.

A nan gizo ke saƙa. Da 'yan jami'ar Amurka aka gwada ma'aunin, da harshensu da irin rayuwarsu. Akwai tambaya kan rubuta takardar neman aiki, da shiga ganawar ɗaukar ma'aikata, da sauya kwas idan na farko bai yi ba. Me ɗan shekara sha uku zai ce kan wannan? Zai zaɓi lamba dai, tunda an ba shi takarda, lambobin kuma su hau juna tsaf a lissafi. Masu bincike kan yi murna da hakan, su ce ma'auni ya tsayu. Amma mudun da aka bubbuge gindinsa ma kullum awo ɗaya yake bayarwa, bai kuma zama mudun gaskiya ba.

Tun gwajin 1983 lissafi bai raba kashi biyar ɗin yadda aka zana su ba. Da Peter Creed da Wendy Patton da Mark Watson suka raba gajeren ma'aunin ga 'yan sakandare a Ostireliya da Afirka ta Kudu a 2002, su ma ba su sami biyar ɗin ba. Wannan ya sa da yawa suke dogara da jimillar maki kawai. A ganina asara ce, domin malamin da ke ba da shawara so yake ya san inda yaro ke ɗingishi, ko bayani ya rasa ko tsari.

Wasu sun zaɓi ɗinka sabuwar riga. Nadya Fouad da abokan aikinta sun fitar da ma'auni na musamman don 'yan ƙaramar sakandare a 1997. Bandura kansa ya yi kashedi a 2006: a tambayi yaro ko zai iya, kada a tambaye shi ko yana da niyya, kuma kowane ma'auni a gina shi kan takamaiman fanni.

Saura batun wane ne mai zaɓen. Ma'aunin ya ɗauka yaro ne ke yanke wa kansa hukunci. A makarantunmu, ɗalibin da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, sau da yawa sakamakon jarrabawa da bakin mahaifi ne ke tura shi ajin kimiyya ko na kasuwanci. In irin wannan yaro ya ba kansa maki kaɗan a tambayar tsai da buri, mai duba takardar zai rubuta cewa bai yarda da kansa ba, alhali mai yiwuwa ladabi ne ya hana shi shiga gaban Baba.