Sharaɗin kuɗi na bizar ma'aurata a Birtaniya

Sharaɗin kuɗi shi ne mafi ƙarancin kuɗin shiga da ɗan ƙasar Birtaniya, ko mai izinin zaman dindindin a can, zai nuna yana samu kafin a ba matarsa ko mijinta bizar zama. An fara aiki da shi ranar 9 ga Yuli, 2012, a sashen dokokin shige da fice da ake kira Appendix FM, a kan fam 18,600 a shekara. Daga 11 ga Afrilu, 2024, ya koma fam 29,000 kafin cire haraji, aka kuma daina ƙara wani abu saboda yara. Waɗanda suka nemi bizarsu ta farko kafin wannan rana suna nan a kan tsohon adadi.

Idan daga waje ake neman bizar, albashin mai ɗaukar nauyi, wato ɗan ƙasar ko mai zaman dindindin ɗin, kaɗai ake lissafawa. Matar da ke aiki a Kano ko Yamai, kome yawan albashinta, ba ya shiga cikin lissafi sai ta isa Birtaniya ta fara aiki a can. Wanda ya yi wata shida a wurin aiki ɗaya zai kawo takardun albashi na watannin shida, da bayanan asusun banki da ke nuna shigar kuɗin, da wasiƙar wurin aiki mai bayyana matsayinsa da albashinsa da daɗewarsa. Albashi mafi ƙasa a cikin watannin nan shi ake ɗauka, don haka ƙarin da aka yi wa mutum a watan jiya ba ya amfanarsa tukuna. Wanda bai cika wata shida ba, sai albashinsa na yanzu ya kai adadin, kuma abin da ya samu a wata goma sha biyu da suka wuce ma ya kai. Kuɗin hayar da mutum ke karɓa da fansho su ma suna shiga cikin lissafi.

Idan albashi bai kai ba, ana iya cike giɓin da ajiyar banki, amma lissafinta ne ya fi ruɗa mutane. Ba a ƙirga fam 16,000 na farko. Giɓin da ke tsakanin albashi da fam 29,000 ake ninkawa sau biyu da rabi, sannan a ɗora 16,000 a kai. Mai albashin fam 25,000 yana da giɓin 4,000, ajiyar fam 26,000 yake buƙata ke nan. Wanda ba shi da albashi sam, fam 88,500. Dole kuɗin su yi wata shida cur a asusun ɗaya daga cikin ma'auratan ko su biyun, a kuma bayyana inda aka samo su. Kyauta daga dangi ta halatta, rance bai halatta ba. Ajiyar naira ana mayar da ita fam ne bisa farashin OANDA, wani shafin intanet na canjin kuɗi, na ranar shigar da buƙata, shi ya sa kuɗin da suka isa a watan farko kan iya gazawa a na shida idan naira ta faɗi. Mai sana'ar kansa ba ya iya haɗa ribarsa da ajiya.

Sau da yawa takarda ce ke kayar da mutum alhali kuɗinsa sun isa. Takardar albashi da bayanin banki na ƙarshe kada su wuce kwana 28 kafin ranar shigar da buƙata, kuma adadin da ke takardar albashi ya dace da abin da ya faɗa asusu. Albashin hannu da ba a zuba a banki ba bai da shaida.

Mai ɗaukar nauyin da ke karɓar wasu kuɗaɗen tallafin nakasa, ko na jinyar wani, an ɗauke masa wannan adadi. Zai nuna ne kawai yana da abin riƙe iyali da muhalli. A Fabrairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sharaɗin bai saɓa wa doka ba, amma ta wajabta a duba maslahar yara. Bizar farko, idan daga waje aka nema, ta wata 33 ce, kuma sai an sake cika sharaɗin a lokacin sabuntawa, da lokacin neman zaman dindindin bayan shekara biyar.