Banakul da ciyawar teku a gaɓar duwatsu mai shan igiyar ruwa

Gaɓar duwatsu mai shan igiyar ruwa ita ce bakin tekun da ba shi da tsibiri ko lungun da zai kare shi, kamar yammacin Ayalan, Sukotlan da Konwal ta Ingila, inda igiyoyin Atlantika ke faɗowa da cikakken ƙarfinsu. Sau biyu a rana ruwa yakan taso ya rufe duwatsun, ya kuma janye ya bar su ga rana da iska. A irin wannan wuri dabbobi ne ke da rinjaye, ciyawa kuwa sai inda ta samu sarari.

Banakul ƙaramar halitta ce mai ɓawon alli. Mai kallo zai ɗauka katantanwa ce, alhali dangin ƙaguwa da jatan lande ce. Tana jaririya takan yi yawo cikin ruwa, daga baya ta manna kanta a dutse da wani danƙo mai ƙarfi, ba ta sake gusawa har mutuwa. In ruwa ya rufe ta, sai ta buɗe murfinta ta fito da ƙafafu masu gashi tana tace abinci. In ya janye, ta rufe ruf don kada ta bushe. Charles Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarinta.

Halittun sukan jeru hawa-hawa. Can sama akwai baƙar gansakuka Verrucaria, wadda feshin ruwa kawai ke isa gare ta. Tsakiya ta banakul ce, tare da limfet, wata katantanwa mai siffar malfa da ke kankare tsiron ciyawa tun yana ƙarami. A ƙasa, inda ruwa bai cika janyewa ba, ake samun ciyawar teku Alaria esculenta mai dogon ganye. Ciyawa mai kumburin iska irin su Ascophyllum nodosum, wadda ke lulluɓe gaɓar da ke lungu, ba ta zama a nan, domin igiya na tumɓuke ta. Fucus vesiculosus kan tsira, amma gajeriya kuma ba kumburi. A 1961 masanin halittun ruwa Bill Ballantine ya yi amfani da waɗannan bambance-bambance a Pembrokeshire ta Wales ya tsara ma'auni mai mataki 8 na auna ƙarfin igiya ta hanyar duba abin da ke zaune a dutse.

Aikin da ya fi fito da sirrin wannan jeri shi ne na masanin halittu Joseph Connell a tsibirin Cumbrae na Sukotlan, wanda aka buga a 1961. Ya lura cewa 'ya'yan wani nau'in banakul mai suna Chthamalus na sauka har ƙasa, amma manyansu sai a sama ake gani. Da ya cire wani nau'in banakul ɗin daban, Semibalanus balanoides, daga wasu duwatsu, sai Chthamalus suka rayu lafiya a ƙasan. Ashe Semibalanus, mai saurin girma, ke murƙushe su ko ta ɓanɓare su. Ita kuma ba ta iya hawa sama saboda ba ta jure bushewa. Gwaji ne mai sauƙi, amma har yau da shi ake koyar da gasa tsakanin halittu.

Muhimmancin limfet ya bayyana ta hanya mai ban takaici. A Maris 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya yi karo da dutse kusa da Konwal, ɗauke da ɗanyen mai sama da tan 100,000. Sinadaran da aka fesa don wanke gaɓa sun kashe limfet ɗin. Koriyar ciyawa ta mamaye duwatsu, Fucus ta biyo baya, banakul suka ragu a ƙarƙashinta, kuma wasu wuraren sun haura shekara 10 kafin su koma yadda suke.