Dokar da ta mayar da birnin Brooklyn gunduma a cikin New York

Kafin 1 ga Janairu 1898, Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa, da magajin garinsa da 'yan sandansa da baitulmalinsa. Tun 1834 ya samu wannan matsayi, yana ta haɗiye garuruwan da ke kewaye da shi: Williamsburg da Bushwick a 1855, Flatbush a 1894, har ya mamaye yankin Kings, wato yankin mulki na jihar New York da yake cikinsa, baki ɗaya a 1896. A ƙidayar 1890 shi ne birni na huɗu a girma a Amurka. To, yaya irin wannan birni zai wayi gari ba shi da magajin gari?

Amsar tana cikin wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: a Amurka jiha ce ke kafa birni, ita ce kuma ke da ikon rusa shi. An dai tambayi jama'a. A Nuwamba 1894 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan haɗe Brooklyn da birnin New York, inda a Brooklyn mutum 64,744 suka amince, 64,467 suka ƙi. Tazarar 277 kacal! Amma ƙuri'ar ta jin ra'ayi ce, ba ta ɗaure kowa ba. Majalisar dokokin jihar New York ce ta zartar da dokar haɗewa a 1896. Magajin garin Brooklyn da na New York duk sun ƙi amincewa, sai dai kundin tsarin mulkin jihar bai ba su ikon kashe doka ba, jinkirta ta kawai za su iya. Majalisa ta sake zartarwa, Gwamna Levi Morton ya sa hannu. A 1897 aka kammala kundin sabon birnin.

Abin da ya karya lagon masu adawa shi ne kuɗi da ruwa. Tsarin mulkin jihar ya hana birni cin bashin da ya haura kashi 10 cikin 100 na ƙimar filaye da gine-ginen da yake karɓar haraji a kansu. Brooklyn galibi garin gidajen zama ne. Manyan bankuna da ofisoshi masu ɗaga wannan ƙima suna tsallaken kogi, a Manhattan, cibiyar birnin New York. Bashinsa ya kusa kai iyaka, ruwan sha kuma ya fara gaza jama'a, ga shi ba halin ranto kuɗin shimfiɗa sababbin bututu. Kundin 1897 ya ɗora wa sabon birnin basussukan tsofaffin garuruwan, ya kuma zuba dukiyarsu a asusu ɗaya.

An raba birnin gundumomi biyar, kowace da zaɓaɓɓen shugabanta. Nan ne gizo ya yi saƙar, ko da yake an daɗe kafin a gyara. A hukumar da ke tsara kasafin kuɗi, a ƙarshe ƙuri'ar shugaban Brooklyn ta zo daidai da ta shugaban gundumar Staten Island, alhali mutanen Brooklyn sun ninka nasu sau da yawa. Sai a 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hakan ya saɓa wa ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, aka rusa hukumar, yawancin ikonta ya koma hannun majalisar birni da magajin gari.

Birnin Brooklyn kawai dokar ta soke, ba ta taɓa yankin Kings ba. Shi ya sa har gobe mutanen Brooklyn ke zaɓen babban mai gabatar da ƙara nasu daban da na Manhattan.