Wasan jita na Agadas: tambayoyi kan kiɗan da Turawa ke kira "blues na hamada"

Me ya haɗa kiɗan Abzinawa da blues?

Blues kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, musamman yankin Misisipi. Da masu sauraro na waje suka ji jitar Abzinawa sai kunnensu ya kama kamanni: amo biyar ake juyawa a kai, gajeriyar jimla ake ta maimaitawa, ga kuma kewa a murya. Masu abin suna ce masa "assuf", wato kewa da begen gida. Ya taso ne a hannun matasan da fari ya kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. 'Yan ƙungiyar Tinariwen na Mali su suka buɗe hanya, a Nijar kuma marigayi Abdallah Oumbadougou. Saiwar kiɗan tana cikin tende, wato gangar turmi, da tahardant, mai tsirkiya uku kamar molo.

A ina ake ganin wasan ido da ido?

Gidan biki ne babban dandalinsa. Ƙungiya irin Etran de L'Aïr a bukukuwan auren Agadas ta yi suna tun kafin a san ta a Turai. Ana kuma kaɗawa a bikin gishiri na Ingal cikin Satumba, da bikin Ayar na Iferwan. Wasan da ba a manta ba shi ne na makaɗin jita Bombino a gindin babban masallacin Agadas a Janairun 2010, bayan ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso.

Yaya ake haɗa ƙungiyar?

Galibi mutum huɗu zuwa shida: jita mai jan gaba, jita mai riƙe zubi, jitar bas, sai mai ganga ko mai ƙwarya. Mai jan gaba yana bugun tsirkiya mai kauri da babban yatsa ba tsayawa, sauran yatsu suna zana waƙar a sama, shi ya sa mutum ɗaya kan yi amo kamar biyu. Tafi ma kayan kiɗa ne a nan. Idan aka murɗe lasifika har tafin mata da guɗarsu suka nutse, an rage rabin wasan, kuma wannan shi ne kuskuren da masu haɗa sauti suka fi yi.

Idan za a fara da tende, kamar yadda ƙungiyar Les Filles de Illighadad ke yi, turmi ne aka ɗaure wa fatar akuya. Ana yayyafa mata ruwa lokaci zuwa lokaci, don in ta bushe amonta kan tashi sama ya rasa zurfi. Kusa da shi akan kife ƙwarya a kan ruwa ana bugawa, daidai da kiɗan ruwa da matan Hausawa suka sani.

Wace matsala ce ta fi ɓata wasa a fili?

Wuta. Kayan suna son bolt 220 tsayayye, janareto kuwa yana hawa yana sauka. A tayar da shi ya yi 'yan mintoci ya daidaita kafin a jona komai, a sa sitabilaiza tsakani, a ajiye shi kamar mita 20 daga 'yan kallo, ta ɓangaren da iska za ta tafi da ƙara da hayaƙi. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, in ba haka ba bugun wuta na iya fasa lasifika. Fitilu su bi layinsu daban, don haɗa su da kayan sauti kan jawo gunji.

Akwai haɗarin da ake rainawa. Busasshen rairayi ba ya shan wuta da kyau, sai ka ga mawaƙi ya riƙe tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirfo, wuta ta fizge shi. A kafa sandar ƙarfe ta kariya, mai janye wuta zuwa cikin ƙasa, da zurfi, a jiƙa gindinta da ruwa sosai, a gwada kafin mutane su taru.

Me ke sa lasifika kuka, jita kuma ta sauka daga saiti?

Kukan yana zuwa ne idan makirfo ya ji lasifikarsa. A sa lasifikoki gaba da layin mawaƙa, fuskarsu ga jama'a. Mai waƙa da rawani ya rufe baki yakan sa a ƙara ƙarfin makirfo, nan kukan ke samun ƙofa. Gara ya matso da bakinsa kusa.

Jita kuwa zafin rana yana saki tsirkiyoyinta, sanyin dare ya ɗaure su. Wanda ya saita da la'asar dole ya sake bayan magariba. Ƙura tana shiga maɓallan murɗawa ta sa su ƙarar yashi, don haka a rufe kaya da zane har lokacin farawa, a kuma riƙe tsirkiyoyin canji, musamman siririyar nan da ta fi saurin tsinkewa.