Ƙaramar Sabar Yanar Gizo a Kan Na'urar Ajiya

Ƙaramar sabar yanar gizo manhaja ce da ke amsa buƙatun burauza ta ƙa'idar HTTP, wato hanyar da burauza ke karɓo shafuka, ba tare da ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura ko ƙarfin injinta ba. Ana yawan ɗora irinta a kan na'urar ajiyar bayanai ta cikin gida ko ofis, wadda aka fi sani da NAS. Na'urar a kunne take dare da rana, fayilolin kuma suna cikinta, don haka da ɗan ƙarin aiki za ta iya nuna shafi, kundin hotuna ko jerin takardun da za a sauke. Sai dai ainihin aikinta adana bayanai ne. Sabar baƙuwa ce a wurin, kuma kusan duk shawarar da ake yankewa a kanta daga nan take tasowa.

Asali

A 1999 Dan Kegel ya yi rubutu a kan matsalar da aka laƙaba wa suna C10k: yaya na'ura ɗaya za ta riƙe haɗi dubu goma a lokaci guda? A tsohon tsarin sabar Apache, kowane haɗi da nasa ma'aikacin, wato kwafin manhajar da ke gudana dominsa, kowane ma'aikaci kuma da rabonsa na ƙwaƙwalwa. Jan Kneschke, Bajamushe, ya fitar da sabar lighttpd a 2003, Igor Sysoev na Rasha kuma ya saki nginx a 2004. Dukansu sun bi wata hanya dabam: ma'aikaci ɗaya ko 'yan kaɗan ne ke zagaya dukkan haɗin, suna kula wanda ya shirya kawai. Kafin su akwai thttpd ta Jef Poskanzer, bayansu kuma Caddy ta zo a 2015.

An ƙirƙiri dabarar ce domin manyan shafuka masu cunkoso, amma masu ƙananan na'urori sun ci moriyarta ƙwarai. Na'urar ajiya ta Linksys NSLU2 ta 2004 megabait 32 kacal gare ta na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, D-Link DNS-323 kuwa 64. A irin wannan ƙunci, sabar da ke zama cikin 'yan megabait ita ce mafita.

Girkawa

Hanyar ta danganta da tsarin da ke kan na'urar. Tsarin na'urar ajiya na OpenMediaVault a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina shi, don haka umarnin girka manhaja na apt ya wadatar. A wasu na'urorin kamfanoni ana bi ta Entware, rumbun manhajoji da ke aiki da umarnin opkg yana zuba komai a foldar /opt, nesa da tsarin kamfani. Na'urorin zamani da dama suna karɓar Docker, inda sabar ke zama a killace, ba ta ganin komai sai foldar da aka miƙa mata.

Saitin lighttpd yana cikin fayil mai suna lighttpd.conf. Layuka uku ne ƙashin bayansa: server.document-root, da ke nuna foldar shafuka; server.port, lambar ƙofar da sabar za ta saurara, sai server.username, asusun da za ta yi aiki da sunansa. Kafin a tayar da ita ana gwada fayil ɗin da umarnin lighttpd -tt -f, domin alamar rubutu ɗaya da aka manta ta isa ta hana ta tashi.

Ƙofa ce ta fi ba sababbin shiga wahala. HTTP ƙofa ta 80 take bi, HTTPS, wato HTTP mai kariya, ta 443, amma sau da yawa shafin sarrafa na'urar ya riga ya kama su. Na'urorin kamfanin Synology suna amfani da 5000 da 5001 wajen shafinsu, na kamfanin QNAP kuma 8080, duk da haka 80 ɗin ba lallai ta kasance a sake ba. Idan ƙofa tana hannun wata manhaja, sabuwar sabar mutuwa take yi nan take, ta bar layi ɗaya a rajistarta cewa ta kasa kama ƙofar. Maganin shi ne a zaɓi wata lamba, kamar 8081. Ƙofofin da ke ƙasa da 1024 a Linux sai da ikon babban asusu, shi ya sa sabar ke farawa da wannan iko sannan ta sauka zuwa ƙaramin asusu.

Gudanarwa

Abu biyu kan ɓullo bayan kwanaki. Na farko, a sake kunna na'ura a tarar sabar ba ta tashi ba, saboda ba a sa ta cikin jerin abubuwan da ke tashi da kansu ba, ko kuma sabunta manhajar kamfani ya share saitin. Na biyu ya fi ɓoyuwa: faifan da ya kamata su yi barci idan babu aiki sai su ƙi, domin duk wanda ya leƙo shafin, sabar na rubuta layi a rajista, rubutun kuma yana tayar da faifai. Akan mayar da rajistar kan filashi ko cikin RAM.

Shafukan da ba sa canzawa ba su da nauyi ko kaɗan. Shafukan da ake haɗawa nan take da harshen PHP da rumbun bayanai su ne ke jawo nauyi, har kwafar fayil ta fara jan ƙafa.

Tsaro

Foldar shafuka ta zama tata ita kaɗai, asusun sabar kuma ya iya karatu kawai. Wanda ya nuna wa sabar tushen faifai gaba ɗaya, ya kuma kunna jera fayiloli, ya baje takardunsa ga duk mai adireshin. Buɗe ƙofa a rauta, na'urar da ke haɗa gida da waje, zuwa intanet ya fi wannan haɗari: manhajojin neman kuɗin fansa irin su SynoLocker a 2014, Qlocker a 2021 da DeadBolt a 2022 sun kulle fayilolin na'urorin ajiya da aka bari a buɗe ga duniya. Saboda haka masu gudanarwa da yawa suna barin sabar a cikin gida, su shigo daga waje ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai kariya. Idan dole sai an buɗe, ana sa takardar shaidar HTTPS. Cibiyar Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, Caddy kuma tana nemowa ta sabunta ta da kanta.