Alƙaluman Hukuma Na Wane Ne? Fashin Baƙin Ƙa'idoji Goma na Majalisar Ɗinkin Duniya

A ranar 29 ga Janairun 2014, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani gajeren ƙuduri mai lamba 68/261. Ƙa'idoji goma ne a cikinsa, duk a kan yadda ya kamata ƙasa ta tattara alƙaluman hukuma da yadda za ta fitar da su. Alƙaluman hukuma su ne waɗanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ma'aikatun gwamnati ke fitarwa: yawan jama'a, haihuwa da mace-mace, hauhawar farashi, marasa aikin yi, yaran da ke makaranta, girman tattalin arziki. Da su ake raba kujerun majalisa, da su ake tsara kasafin kuɗi, da su ƙungiyar ƙwadago ke zama teburin neman ƙarin albashi. Mutum ɗaya iyakar abin da yake gani shi ne gidansa da unguwarsa. Ko tsadar da yake kuka da ita ta game kowa, ko shi kaɗai ta samu, sai alƙaluma sun faɗa.

Ba a rubuta ƙa'idojin nan haka kawai ba. A ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen tsakiya da gabashin Turai suka fara barin tsarin gurguzu, sai suka tarar jama'arsu ba ta yarda da duk wani adadi da ya fito daga bakin gwamnati ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A Tarayyar Sobiyet an yi ƙidayar jama'a a 1937, aka samu mutum wajen miliyan 162, alhali shugabanni sun sa ran adadin da ya ɗara haka nesa. Yunwar farkon shekarun 1930 ce ta bayyana a cikin lissafin. Maimakon a fitar da sakamakon, sai aka soke shi, aka kama manyan jami'an da suka yi aikin, aka harbe wasu. An sake ƙidaya a 1939, aka sanar da kimanin miliyan 170. Masana ƙididdiga na Turai sun san irin wannan tarihi sarai lokacin da suka tsara ƙa'idojin a 1991. Hukumar Tattalin Arziki ta Majalisar mai kula da Turai ta amince da su a 1992, Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar ta mayar da su na duniya baki ɗaya a 1994, sai bayan shekara ashirin suka kai Babban Zaure.

Ƙa'ida ta farko ita ce uwar sauran. Ta ce alƙaluman hukuma ginshiƙi ne na samun bayani a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, kuma dole a fitar da su ba tare da son kai ba, domin haƙƙin 'yan ƙasa ne su sani. A taƙaice, gwamnati ce ke biyan kuɗin aikin, amma alƙaluman ba nata ba ne, na jama'a ne. A aikace wannan na nufin hukuma ta sanar da ranar fitar da rahoto tun da wuri, ta kuma fitar da shi ranar ko ya yi wa masu mulki daɗi ko bai yi ba. Yana kuma nufin minista da ɗan jarida da ɗalibi su ga adadin lokaci guda. A Amurka rahoton ayyukan yi na wata-wata yana fita ne da ƙarfe takwas da rabi na safe a ranar da aka riga aka sanar. A Birtaniya an daɗe ana ba wasu ministoci da jami'ai damar leƙa alƙaluma kafin kowa, har hukumar ƙididdigar ƙasar ta rufe wannan ƙofa a watan Yulin 2017. Dalilin a fili yake: wanda ya riga kowa ganin adadin zai iya shirya yadda zai yi masa kwaskwarima, ko ya ci riba da shi a kasuwar hannun jari.

Ta biyu da ta uku tafiyarsu ɗaya. Ƙwararru ne kaɗai za su yanke yadda za a tattara bayani da yadda za a lissafa shi, bisa ilimi da ɗa'ar sana'a, sannan su bayyana wa duniya hanyar da suka bi. Ɗalibi ba ya ba takardar jarrabawarsa maki da kansa, alƙaluma kuwa sakamakon jarrabawar gwamnati ne.

A ɗauki hauhawar farashi. Hukuma tana fara binciken gidaje ne don ta san a kan me mutane ke kashe kuɗinsu, kashi nawa a abinci, nawa a haya, sufuri, magani, tufafi. Daga nan ta zaɓi jerin kayayyaki, kowanne da nauyinsa gwargwadon abin da yake ci a aljihu. Kowane wata ma'aikata su bi kasuwanni da kantuna suna rubuta farashin waɗannan kaya, iri ɗaya, awo ɗaya, wuri ɗaya. Abin da ke fita matsakaici ne. Shi ya sa talakan da mafi yawan kuɗinsa ke tafiya a abinci zai ji tsada fiye da yadda adadin ƙasa ya nuna, kuma shi da hukumar ba wanda ya yi ƙarya. Ga wani wurin da ake yawan tuntuɓe: in an ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi araha ba. Abin da ake saye 100, in ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, ya zama 120. Baɗi in hauhawar ta sauka zuwa kashi 10, ya zama 132. Gudun ne ya ragu, tafiyar tana nan. Wanda bai san wannan ba zai rantse hukuma ta yi ƙarya, ɗan siyasa kuma zai hau mumbari ya ce ya karya farashi.

To idan aka sa hannu a cikin hanyar lissafin fa? Ajantina ta gwada. A farkon 2007 gwamnati ta cire jami'ar da ke kula da lissafin farashi a hukumar ƙididdigar ƙasar, INDEC. Daga nan adadin hukuma ya riƙa yawo a wajen kashi 10, masana masu zaman kansu kuwa suna samun ninkinsa ko fiye. A 2011 har tara aka ci wasu daga cikinsu saboda sun buga nasu lissafin. Mujallar The Economist ta daina buga adadin gwamnatin a 2012, sannan a Fabrairun 2013 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi wa ƙasar tsawatarwa a hukumance kan ingancin alƙalumanta, abin da bai taɓa yi wa wata ƙasa ba kafin nan, bai kuma janye ba sai a 2016. Ɓarnar ba ta tsaya a farashi ba. Da shi ake auna talauci, da shi ake daidaita wasu basussukan gwamnati, don haka ƙarya ɗaya ta haifi 'ya'ya da yawa.

Akwai kuma adadin da gaskiya ne amma yana ruɗa wanda bai karanta ma'anarsa ba. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko riba na aƙalla awa ɗaya a makon da aka yi tambaya a kai, mai aiki ne. Marar aiki shi ne wanda ba ya komai, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Wanda ya gaji da nema ya haƙura ba ya cikin ko ɗaya. Saboda haka ƙasa mai fama da talauci za ta iya fitar da ƙaramin adadin marasa aiki, domin inda babu tallafin gwamnati ba mai iya zama hannu rabbana, kowa sai ya yi 'yar buga-buga. A ganina laifin hukumomi da yawa a nan ba ƙarya ba ne, rowar bayani ce: su jefo adadi a kanun sanarwa, su binne ma'anarsa a shafi na can ƙarshe. Ƙa'ida ta uku ba ta yarda da haka ba.

Ta huɗu layi ɗaya ce, amma sai mai ƙarfin hali. Ta ba hukumar ƙididdiga ikon fitowa ta yi magana in an murɗe alƙalumanta. A Birtaniya, lokacin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, an yi ta yaɗa cewa ƙasar na aika fam miliyan 350 duk mako zuwa Tarayyar. Hukumar da ke sa ido kan ƙididdiga ta ce adadin na ɓatar da mutane, don bai cire rangwamen da ake yi wa ƙasar a lokacin ba. A 2017 shugabanta ya rubuta wa Boris Johnson, yana ministan harkokin waje, wasiƙa a bainar jama'a kan maimaita shi. Ba a ɗaure kowa ba, ba a ci tarar kowa ba. Makamin hukumar kunyatarwa ce kawai.

Wadda ta fi shafar mutum kai tsaye ita ce ta shida, sirri. Duk abin da ka faɗa wa ma'aikacin ƙidaya, na mutum ne ko na kamfani, ba za a yi amfani da shi ba sai don lissafi. Ba za a miƙa wa masu karɓar haraji ba, ko 'yan sanda, ko jami'an shige da fice. Sunanka zai narke cikin jimla. A Amurka ma'aikacin ƙidaya yana rantsuwar riƙe sirri har ƙarshen rayuwarsa, wanda ya karya zai iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 250,000, kuma ba a buɗe takardun mutane sai bayan shekara 72. Wannan tsanani ma tarihi ne ya haife shi. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wata dokar yaƙi ta sassauta sirrin, bayanan ƙidaya suka taimaka wajen gano unguwannin 'yan asalin Japan, aka tsare mutum wajen 120,000 a sansanoni. A Holan kuwa rajistar jama'a mai tsari, wadda ta rubuta addinin kowa, ita ta sauƙaƙa wa 'yan Nazi farautar Yahudawa. Ko an ajiye batun zalunci gefe, akwai hujjar aiki: ɗan kasuwan da ke zargin amsarsa za ta koma ofishin haraji ba zai faɗi gaskiyar cinikinsa ba, daga nan lissafin ƙasa duka ya gurɓace.

Sauran ba sa buƙatar dogon sharhi. Ta biyar ta ce a ɗebo bayani daga inda ya fi dacewa, binciken gida-gida ne ko takardun da ofisoshi ke ajiyewa, a duba inganci da kuɗi, kada kuma a gajiyar da mutane da tambayoyi. Ta bakwai ta ce dokokin da hukumar ke aiki da su su zama a fili. Ta takwas, ma'aikatun ƙasa ɗaya su daidaita, kada ma'aikatar ilimi da hukumar ƙididdiga su fito da adadi iri biyu na ɗalibai. Ta tara da ta goma kan amfani da ma'aunin duniya ne da haɗin kai tsakanin ƙasashe, don a iya kwatanta wannan da waccan.

Shin doka ce da za a kai gwamnati kotu a kanta? A'a. Ƙudurin Babban Zaure irin wannan ba ya ɗaure kowace ƙasa. Haƙoransa suna fitowa ne idan ƙasa ta shigar da shi cikin dokarta: yadda ake naɗa shugaban hukumar da yadda ake cire shi, wa'adinsa, kasafinsa, hukuncin fallasa sirri. Tarayyar Turai ta yi dokar ƙididdiga a 2009, a shekarar ce kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da Yarjejeniyar Ƙididdiga ta Afirka, wadda ta ɗora a kan ƙa'idojin nan.

Ko da dokar ma, akwai giɓin da ba a cike ba, wato kare mutumin da ya fitar da adadi marar daɗi. A Oktoban 2009 sabuwar gwamnatin Girka ta bayyana cewa giɓin kasafin shekarar ya haura kashi 12 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa, bayan a baya an kai wa Turai rahoton kashi 3.7. Wannan ne ya buɗe rikicin bashin da ya girgiza kuɗin yuro. A 2010 aka kafa hukumar ƙididdiga mai cin gashin kanta, aka ba Andreas Georgiou shugabanci. Ya sake lissafin bisa ma'aunin Turai, ya samu kashi 15.4, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai ta karɓi adadin ba tare da sharaɗi ba. A gida kuwa aka zarge shi da kumbura giɓin don a jefa ƙasar cikin tsuke bakin aljihu, aka yi shekaru ana ja da shi a kotu. An wanke shi daga zargin ƙirƙirar adadi, amma a 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, bisa laifin aika alƙaluman ba tare da amincewar kwamitin hukumar ba. A 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙin shari'ar adalci a wannan ƙara.