Kalmar courage: ma'anarta da inda ta samo asali

Duk wanda ya yi makarantar boko ya ci karo da kalmar courage, kuma da ka ce ya fassara sai ya ce jarumta. Bai yi kuskure ba. Sai dai in ka bi salsalar kalmar za ka ga "ƙarfin zuciya" ya fi dacewa da ita, domin zuciya ce ginshiƙinta.

Baƙuwa ce a Turanci. Tushenta Latin ne, harshen Romawa, inda ake kiran zuciya cor. Daga nan tsohon Faransanci ya ƙera corage. A 1066 William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, dubban kalmomi suka kwararo cikin Turanci. Wannan tana cikinsu, kuma ta fara bayyana a rubuce wajen shekarar 1300.

A wancan zamani ma'anarta ta fi ta yau faɗi. Duk abin da ke cikin ran mutum courage ne: halinsa, niyyarsa, sha'awarsa, har da fushinsa. Sannu a hankali sauran ma'anonin suka zube, aka bar ta da guda ɗaya, wato tunkarar haɗari ko wahala alhali kana jin tsoro. Ba a ce mai courage ba ya tsoro ba; daurewa yake yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne fushin nan da Turanci ya yar, Sifaniyanci bai yar ba. Har gobe coraje a can tana nufin jarumta, tana kuma nufin fushi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Mu ma in aka ce wane mai zuciya ne, sai ka saurari sauran zancen kafin ka gane yabo ne ko gargaɗi, kuma yaron da ya yi zuciya ya ƙi cin tuwo ba bajinta ya yi ba.

Daga tushen nan encourage da discourage suka fito, wato sanya wa mutum zuciya da cire masa ita. A nan muka raba hanya, don mu gwiwa muke ƙarfafawa, ita kuma muke karyawa.

Turawan ma ba a ƙirji kaɗai suka tsaya ba. Suna da pluck, wadda asalinta kayan cikin dabba ne, zuciya da hanta da huhu da mahauci ke zarowa, kafin 'yan dambe su mayar da ita jarumta a ƙarshen ƙarni na 18. Guts kuwa hanji ne, kuma ita ma ana amfani da ita da ma'anar jarumta.